Ƙadangaren Goronyo da Littafin da Ba Ya Cikin Manhaja

A birnin Fulorans na ƙasar Italiya, cikin gidan adana duwatsu da tsofaffin ƙasusuwa na jami'ar birnin, akwai wani ƙoƙon kai da ya rikiɗe ya zama dutse, mai dogon baki kamar na kada, cike da haƙora. Sunan da masana suka raɗa wa mai wannan kai shi ne Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo ɗan Nijeriya. Wata tawagar masanan Italiya ce ta tono shi a gundumar Goronyo tsakanin 1969 da 1971, suka kuma ba shi wannan suna a 1972. Tun daga lokacin, duk wanda ya zurfafa a nazarin dabbobin tekun zamanin da, ko a wace nahiya yake, sai ya ci karo da sunan Goronyo, ya kuma koyi furta shi. Amma a tsayar da ɗalibin aji shida na sakandare a Goronyo kanta, ko a Wurno, ko a Rabah, a tambaye shi labarin wannan dabba, da wuya a dace da wanda ya taɓa jin ɗuriyarta. Uzurinsa kuwa a shirye yake, kuma gaskiya ne: ba ta cikin manhaja, ba ta fitowa a jarrabawa.

Wannan uzuri shi ne abin da ya kamata malamai da ɗalibai su zauna su duba da idon basira, domin ya daɗe yana raba yaran wannan yanki da wani irin karatu mai daɗi da amfani, wato karanta littattafan da ke ba da labarin gaskiya game da halittu da ƙasa da tarihi da zaman jama'a, ba don wani ya tilasta ba, sai don son sani.

Ga kaɗan daga abin da ɗalibin nan ya rasa. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, inda ake noman albasa da tafarnuwa a fadamun Gulbin Rima a yau, teku ce. Wani reshe na babbar teku ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Hamadar Sahara take yanzu, ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato. Ruwa ne marar zurfi ƙwarai, mai ɗumi, mai laka, kuma cike yake da kifaye da kunkuru da kadoji. Ƙadangaren Goronyo yana cikin manyan mafarautan wannan ruwa. Duk da kamannin bakinsa, shi ba kada ba ne. Danginsa na kusa su ne guza da damo da macizai, sai dai shi ƙafafunsa sun zama kamar filafilan tuƙa jirgi, tsawonsa kuma ya kai wajen mita 5. Idanunsa ƙanana ne, abin da ya sa wasu masana suke ganin a cikin gurɓataccen ruwa yake farauta, inda gani ba ya da wani tasiri sosai. Shi da dukkan danginsa na teku sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, a daidai lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Tun a 1930 wani masani a Landan, W. E. Swinton, ya fara bayyana guntayen ƙasusuwan wannan dabba da aka samo daga lardin Sakkwato. Daga baya, a 1975, aka raɗa wa wani kada na wancan zamani suna Sokotosuchus.

Lakar da ta kwanta a gindin wannan teku ba ta tafi ko'ina ba. Tana nan hawa-hawa, kamar shafukan littafi, a jikin tuddan da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Masana ilmin duwatsu sun ba kowane hawa sunan wurin da ya fi bayyana: na ƙasa shi ne Taloka, sai Dukamaje inda ƙasusuwan suka fi yawa, sai Wurno a samansa, sannan Dange, sannan Kalambaina, wanda farar ƙasarsa ce ake ƙonawa a yi siminti a Sakkwato. Wanda ya farfasa dutsen Kalambaina zai iya samun bawon halittun teku a ciki. Ashe ke nan buhun simintin da ake ɗora wa amalanke a kasuwar Wurno, gawarwakin ƙananan halittun teku ne aka ƙona aka niƙa. Cikin waɗanda suka yi fice wajen nazarin waɗannan duwatsu akwai ɗan Nijeriya, Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya shirya littafin nan Geology of Nigeria a 1976. Sunayen ƙauyuka ne da yaro yake ji kullum a bakin 'yan kamasho a tashar mota, amma a cikin littafi sun zama ma'aunin zamunna.

Mai yiwuwa wani ya ji wannan lissafi na miliyoyin shekaru ya ɗauka baƙon zance ne da Turawa suka zo da shi. Karatu ne zai raba wannan gardama. Shekara kusan 1,000 da suka wuce, Albiruni ya dubi duwatsu da ƙasar kwarin Indiya ya rubuta cewa wurin teku ne a da, rafuka suka cike shi da laka sannu a hankali. Ibn Sina ma ya yi bayani a cikin Kitab al-Shifa a kan yadda tsaunuka ke samuwa da yadda ake samun alamun halittun ruwa a cikin dutse. Da waɗannan malamai biyu za su hau tudun Dukamaje, ba abin da zai ba su mamaki sai rashin masu tambaya.

To, me ya sa littafin aji bai wadatar ba? Littafin aji an rubuta shi ne domin yaron Legas da na Inugu da na Rabah su amsa tambaya ɗaya a rana ɗaya. Dole ya taƙaita, dole ya kwashe duk wani abu da ya keɓanta da gari guda, dole ya ba da sakamakon bincike ba tare da labarin wahalar da aka sha kafin a kai gare shi ba. Yana da amfaninsa, kamar yadda ƙwarangwal yake da amfani ga jiki. Amma ba wanda ya taɓa ƙaunar ilmin halittu saboda ya haddace sassan fure guda goma. Ƙauna tana shigowa ne ta ƙofar labari: wane ne ya fara lura, me ya ruɗe shi, wa ya ƙaryata shi, yaya gaskiya ta fito. Ɗalibin da ya ɗanɗani wannan, in ya koma ga littafin aji sai ya tarar haddar ta yi sauƙi, domin kowace kalma ta sami maratayi. Saboda haka malamin da ya ƙwace littafin tarihi ko na dabbobi daga hannun yaro yana cewa ya bari sai bayan jarrabawar WAEC, ya sani ya yi aikin mai sare reshen da yake zaune a kai.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin wannan karatu. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Kowa ya san shi da jihadi da mulki da littafinsa na tarihi Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Kaɗan ne suka san ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci: yana da littafi a kan ciwon ido, yana da wani a kan basir, yana da risala sukutum a kan filasko da amfaninsa wajen wanke ciki. Da Baturen nan Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Da ya dawo a 1826 ya zo masa da littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafin siffofi na Uƙlidis, mutumin da ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Clapperton ya rubuta cewa ya shiga wurin Sarkin Musulmi wata safiya ya tarar da shi zaune da littafin a gabansa. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafi, wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi.

A tsaya a yi tunani a kan wannan hoto. Ga mutum mai riƙe da daula, ga yaƙi da Gobirawa bai ƙare ba, ga wasiƙu daga sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi suna jiran amsa, amma ya keɓe safiya yana bin layuka da kusurwoyi da da'irori. Ba jarrabawa zai zauna ba. Ba wanda zai ƙara masa girma don ya gane cewa kusurwoyin alwatika uku daidai suke da kusurwoyi biyu miƙaƙƙu. Daɗin abin ne ya zaunar da shi. Wanda duk ya ce karatun da ba na aji ba ɓata lokaci ne, sai ya faɗi abin da yake yi da lokacinsa wanda ya fi na Bello yawa.

Bayan shekara 16 da rasuwar Bello, a 1853, wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Makonnin da ya yi yana jiran izinin wucewa bai yi su a banza ba: aron littafi ya samu a garin, Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, ya zauna yana karantawa yana kwafe abin da ya samu. Baƙo ya zo Wurno ya ari littafi, ya koma ya ba duniya labari. Wasu baƙin sun zo Goronyo sun tono ƙashi, sun koma sun ba duniya labari. Ba a zargi baƙo ba, domin ya yi abin da mai ilmi ke yi. Tambayar ita ce yaushe ɗan gida zai karɓi aikin.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya ga nishaɗi da alfahari da sunan gari. Akwai inda take taɓa lafiya da abinci kai tsaye. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, mai iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, kuma da ita ake noman rani a kwarin Rima, da ita birnin Sakkwato ke shan ruwa. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka, har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma sai ga akasin haka, ruwan ya janye har ya koma wajen kashi 10 cikin 100 na abin da take iya ɗauka. A duka lokutan biyu an sha jita-jita iri-iri a majalisu. Amma wanda ya karanta littafi ko da guda a kan rayuwar kogi ya san cewa kowace madatsa tana tara yashi da laka a cikinta shekara bayan shekara, cikinta yana raguwa. Ya san sare itatuwa a can sama, wajen Zamfara da Katsina da Maraɗi inda rassan gulbin suka fito, yana ƙara yawan ƙasar da ruwa ke kwasowa. Ya san zafin bazara yana shanye wani babban kaso na ruwan da aka tare a fili. Irin wannan mutum shi ke iya yin tambayar da ta dace a gaban hukuma, shi ke iya gaya wa mahaifinsa dalilin da zai sa a saurari gargaɗin ambaliya.

Haka nan tsargiya. Duk inda aka tare ruwa aka haƙa magudanan ban-ruwa, an yi wa wasu ƙananan dodon-koɗi gida, su kuwa su ne masaukin tsutsar da ke kawo fitsarin jini. Labarin yadda aka gano wannan ya fi tatsuniya daɗi. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a jijiyoyin wata gawa a Alƙahira a 1851, amma aka shafe fiye da shekara 60 ana gardamar yadda take shiga jikin mutum, sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ƙwai yana fita da fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ɗan ya shiga dodon-koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Yaron da ya haddace wannan a matsayin zane mai kibiyoyi zai manta da shi ranar da ya fito ɗakin jarrabawa. Wanda ya karanta shi a matsayin labari, ba zai sake ganin ƙanensa yana fitsari a bakin magudana ya yi shiru ba, ba kuma zai yarda da masu cewa jinin alamar balaga ce ba.

Rabah ma tana da nata littafin. A can aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya kuma riƙe sarautar garin daga 1934 bayan ya yi koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato. Tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962 ya faro ne da ƙuruciyarsa a bakin gulbin Rabah. Ɗaliba 'yar Rabah da ta karanta waɗannan shafuka za ta iya zuwa wurin kakarta ta gwada abin da aka rubuta da abin da tsohuwa ta tuna, ta ga inda suka dace da inda suka saɓa. Wannan gwadawa ita ce farkon aikin masanin tarihi. Littafi ba ya fin ƙarfin bincike, kuma mai karatu na ƙwarai yakan yi jayayya da marubuci, ko da marubucin Firimiya ne.

Akwai hujja guda da masu uzuri suke da ita wadda ba a iya turewa: ina littattafan? Mafi yawan abin da aka ambata a sama yana cikin Ingilishi mai tsauri, wani ma a mujallun da ba sa zuwa Nijeriya. Ɗakunan karatu na makarantu da yawa sun zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato, wadda ta kai ga kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ta kuma tarwatsa karatun yara a ƙauyuka masu yawa. Wanda ya kwana a daji don gudun hari ba a yi masa wa'azin karatun nishaɗi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci.

Sai dai ba za a ce Hausawa ba sa son karatu ba. Littattafan soyayya da suka ɓarke daga Kano tun ƙarshen shekarun 1980 sun nuna cewa matasa, musamman mata, suna iya cire kuɗi su sayi littafi, ko su yi hayarsa, su kwana suna karantawa. Da wayar hannu ta zo, sai labaran suka koma cikinta. Ƙishirwa tana nan. Masu ilmin kimiyya ne suka ƙi kawo nasu tulun bakin rijiya. A 1949 Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah, inda suka ba da labarin halittu iri-iri cikin Hausa mai daɗi wadda ɗan firamare zai fahimta, dattijo kuma ba zai raina ba. Kafin nan an yi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, bayansa kuma Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani. Waɗannan an yi su ne lokacin da babu jami'a ko ɗaya a Arewa. Yanzu kuwa da jami'ar Sakkwato kaɗai, wadda aka kafa a 1975, ta yaye dubban masana, littattafan kimiyya na Hausa da za a miƙa wa yaro ya karanta don daɗi ba su taka kara sun karya ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: maƙala a mujallar ƙasar waje tana kawo ƙarin girma, littafin Hausa mai shafi 60 a kan kifayen Gulbin Rima ba ya kawo komai sai godiya. Matuƙar hukumomin jami'o'i ba su sanya irin wannan aiki a ma'auni ba, malamai za su ci gaba da rubuta wa junansu wasiƙu da harshen da iyayensu ba sa ji.

Kafin a kai ga wannan gyara, malamin sakandare yana da abin yi da ɗan abin da ke hannunsa. Minti 10 na ƙarshen darasi sun isa a karanta wa aji shafi biyu daga wani littafi da ba na manhaja ba, a fassara inda ya yi tsauri, a tsaya daidai inda labarin ya yi daɗi. Washegari yaran da kansu za su tuna masa. Akwatin ƙarfe ɗaya mai littattafai 20, da littafin rajista a hannun ɗalibi mai amana, ya fi ginin ɗakin karatu da aka garƙame da kwaɗo. Ɗalibi kuma ya sani ba dole ne ya fara daga shafin farko ba, ba dole ne ya gama ba. Irin wannan littafi ana shigarsa ta kowace ƙofa, kamar kasuwa. Abu ɗaya ne ya kamata ya lizimta, wato ya ajiye ɗan littafin rubutu inda zai sa abin da ya karanta a gefe guda, abin da ya gani da idonsa a ɗaya gefen: ranar da shamuwa ta iso, watan da gawo ya zubar da ganye alhali sauran itatuwa suna tohowa, sunan da masunta ke kiran kowane kifi.

Idan kuwa aka dace, bayan ruwan sama ya zaizaye gefen tudu, wani ya ga haƙori ko gaɓar ƙashin baya a cikin laka mai launin toka, kada ya yi gaggawar ciro shi, kada kuma ya farfasa don ganin abin da ke ciki. Rabin darajar ƙashin yana ga sanin hawan da aka same shi. Ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya ajiye alƙalami ko kwabo a gefensa don a gane girmansa, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata da tsawon da ke tsakaninsa da gindin tudun, sannan shi da malaminsa su kai labari sashen nazarin duwatsu na jami'a a Sakkwato.